Hayin Ilu

Takardar da muke miƙa wa baƙi hanya uku ce a cikinta, kuma shekara goma sha shida ke nan ina sa mutane su zaɓi wadda nake so, suna zaton su suka zaɓa. Aikina ke nan a Honiara, babban garin tsibirin Guadalcanal, in ɗebi masu son ganin filayen yaƙin Japan da Amurka a 'yar farar motata, in zaga da su, in dawo da su otal kafin zafi ya gama da su. Akwai hanyar yamma, inda jiragen ruwa suka nutse a Bonegi, da tarkacen jiragen sama a Vilu. Akwai hanyar tudu, wato Dutsen Austen da tudun bayan filin jirgi, a ƙare a bakin kogin Ilu. Sai hanyar gabas, wadda take haye gadar Ilu ta miƙe har Tetere. Yamma da tudu nawa ne. Gabas ta Clement ce, shi kuwa Clement ɗan cocin Asabar ne, ko Honiara za a ba shi da abin da ke cikinta ba ya taɓa makullin mota ranar Asabar.

Wata ranar Asabar kuwa wani tsoho ya sauko daga ɗakinsa na otal. Sunansa Mista Shibata, daga arewacin Japan, shekararsa tamanin da ɗaya. Kwana uku ya yi a garin, biyu daga ciki a kwance yana fama da ciwon ciki, ga shi jirginsa zai tashi ƙarfe uku na ranar. Ya zauna gaban teburin Loretta, wadda take rubuta sunayen masu fita yawo, ya jingine sandarsa, ya sa tabarau, ya shiga karanta takardar nan kamar mai duba sakamakon asibiti.

Ni kuwa na fara waƙata ta kullum. Na yaba masa yamma, hanya sumul, iskar teku, ruwan kwakwa mai sanyi, da bindigogin mutanensu da har yanzu ana iya ɗora hannu a kai. Na ce gabas babu komai sai ramuka da gonakin kwakwar manja, mutum ya jijjigu a banza. Wannan zance ya ci Amurkawa, ya ci mutanen Ostareliya, har wani farfesa mai littattafai uku a jaka ya taɓa ci. Tsohon ya saurare ni har na gama, yana gyaɗa kai don ladabi. Sannan ya buɗe jakarsa, ya fito da wata tsohuwar takarda a cikin leda, ya shimfiɗa ta a kan tamu.

Taswira ce ta hannu. Wani abokin mahaifinsa da ya tsira shi ya zana wa mahaifiyarsa bayan yaƙi. Teku a sama, kogi ya gangaro ya shiga cikinsa, itatuwan kwakwa a hannun dama, da ɗan jan ɗigo a tsakaninsu. Da Turancinsa mai tafiya a hankali ya ce a nan mahaifinsa ya mutu, cikin watan Agusta na 1942, wata biyar kafin a haife shi. Ba a kawo musu ko ƙashi ɗaya ba. Shi ba jirgi ya zo gani ba, ba bindiga ba. Abin da yake tambaya kawai, cikin hanyoyin nan uku wacce ce za ta kai shi wannan ɗigon.

Ban buƙaci dubawa sau biyu ba, ɗigon yana hayin gabas. Loretta ta ɗago kai ta dube ni. Ita 'yar Guadalcanal ce, ni ɗan tsibirin Malaita, kuma duk otal ɗin ita kaɗai ta san abin da ya hana ni zuwa gabas, domin a wani biki giya ta fi ƙarfina na zazzage mata komai.

A gabas aka haife ni, kusa da Tenaru, inda babanmu ya yi aikin fasa kwakwa. Da rikicin 1999 ya tashi aka kori 'yan Malaita daga ƙauyuka, muka gudo gari da abin da hannu ya iya ɗauka. Ƙanena Joses ya koma ɗauko keken ɗinkin mamarmu, gawarsa aka dawo da ita a bayan a-kori-kura. Na san wanda ya yi, tare muka yi firamare. Washegarin jana'iza na ɗauki adda zan fita, sai yayata Keziah ta zauna a bakin ƙofa, ta miƙe ƙafafunta, ta ce a gaban dangi duk ranar da na sake haye Ilu, to ƙafafunta na tsallake. A wurinmu namiji ba ya tsallake ƙafar 'yar'uwarsa ko da wasa. Wanda ya yi ya wulaƙanta ta, ya wulaƙanta gidan duka har da matattunsa. Kuma babu fasto, babu dattijon da zai kwance maganar, sai bakin da ya ɗaura ta. An yi sulhu, sojojin waje sun zo sun tafi, an shimfiɗa sabuwar kwalta, yaran da aka haifa a shekarar sun yi aure sun haihu. Ni ina nan. Duniyata ta tsaya a gindin gadar Ilu, kuma babu safiyar da ba na jin haushin abin.

"Kawu Festus," in ji Loretta da harshenmu na gari, wanda tsohon ba ya ji, "wannan ba irin masu ɗaukar hoto ba ne. Bari in nemo masa tasi."

"Tasi? Ki haɗa dattijo da yaran nan masu kiɗa kamar gidan biki, waɗanda ba su san bambancin Ilu da kwata ba?"

"Su dai suna haye gada."

"Ni zan kai shi."

"Da wace ƙafar?"

"Yau Keziah za ta kwance."

Ta yi tsaki. "Haka ka ce da Kirsimeti, Kawu."

Gaskiyar magana, ni makulli na gani a jikin tsohon nan. Na roƙi Keziah da sunan aiki, na roƙe ta da sunan kabarin babanmu da ke can cikin ciyawa, duk ta ƙi. Amma ban taɓa kai mata mutum mai rai ba, mai sanda, maraya ɗan shekara tamanin da ɗaya. Na ce wa kaina ko dutse ne a ƙirjinta yau zai tsage. Sai na gaya wa tsohon ya ɗauki hanyar tudu, tana ƙarewa a bakin kogin, daga nan sai mu ƙarasa wurin ɗigon. Ya cire tabarau ya dube ni, ya tambaye ni, da mahaifina ne, ita zan zaɓa? Na ce ita. Loretta ta rubuta sunansa tana danna biro har ya kusa huda takardar.

Shi da kansa ya sauƙaƙa mini, ya ce yana son fure. Keziah kuwa fure take sayarwa duk Asabar a bakin babbar kasuwa. Muka same ta zaune kan kifaffen bokitin fenti, tana tauna bilnat, goronmu mai rina baki ja, tana yi wa maƙwabciyarta faɗa a kan inuwar laima. Shekararta sittin da uku, kuma har yau in ta kira sunana sai na ji kamar na fasa wani abu. Na ba ta labarin tsohon ban rage komai ba. Ta miƙe, ta goge hannu a siket, ta kama hannunsa da hannayenta biyu ta riƙe. Ta zaɓar masa jajayen furannin citta mafi kyau, ta ƙara farare a kai, ta naɗe da ganyen ayaba. Idonta ya kawo ruwa. Na ce a raina yau an gama.

Da tsohon ya juya ya nufi mota, na matso kusa da ita.

"Yaya, kin dai ji. Uba ne. Tun kafin a haife shi yake jira."

"Na ji. Allah ya ba shi haƙuri."

"Awa ɗaya kawai. In haye, in tsaya da shi, in dawo. Ki kwance na yau kaɗai, gobe ki mayar."

"Igiyar shanya ce, da zan kwance yau in ɗaura gobe?"

"Yaya, shekarata hamsin fa. Gwiwata ko bene ba ta hawa. Wa zan kashe?"

"Wanda ya kashe Joses yana nan bakin titi, gaba da gada kaɗan, yana sayar da bilnat. Matan Tenaru suna ba ni labari. Tsakanin teburinsa da kwalta ko taku uku babu." Ta tofar da jan yawu a gwangwani. "Kai kuma sitiyari ne a hannunka."

"Haba Yaya."

"Dube ni, Festus. Ce mini ba ka taɓa tunaninsa ba."

Ban ce ba, domin na taɓa, kuma ba sau ɗaya ba. Ban taɓa ganin teburin nan ba amma na san tsayinsa, na san ta inda mota za ta iya kaucewa a ce taya ce ta fashe. Keziah ta goya ni ina jariri, babu abin da fuskata take ɓoye mata.

"Hanyar nan ta ci mini ɗaya," ta ce. "Ba za ta ci na biyu ina raye ba. In na mutu ma ba za ta ci ba, don da maganar za a binne ni."

Ta juya ga wata mata tana tambayarta fure nawa take so.

A nan ya kamata in yi abin da ya dace. Layin tasi yana gaban kasuwar, ko taku ashirin babu. Da na sa shi a ɗaya, na yi wa direban kwatance, da ƙarfe goma yana tsaye a kan ɗigonsa. Ban yi ba. Ina jin kunyar komawa wurin Loretta, ina jin kunyar gaya wa baƙo cewa ƙato kamar ni mace ta ɗaure shi da baki. Sai shaiɗan ya ce mini rairayi ai rairayi ne. Mutum nawa na tsayar a gaɓar yamma na ce musu nan ne aka yi yaƙin, suka ɗauki hoto suka tafi suna godiya? Na shiga mota na tayar.

Na kai shi Dutsen Austen na ɓata masa lokaci iya ɓatawa. Na nuna masa kowane tudu da lambar da sojoji suka ba shi, na gaya masa wace runduna ta hau ta ina, na faɗi abin da na sani na ƙara da abin da ban sani ba. Ya sunkuya a gaban fararen ginshiƙan da mutanensu suka kafa a can, ya daɗe a sunkuye. Daga nan na gangaro da shi tudun bayan filin jirgi, na nuna masa ramukan da ciyawa ta cinye da ƙarafan waya masu tsatsa. So nake mu isa kogin a ƙurarren lokaci, ya sauka a gurguje, ya ajiye furensa, mu wuce. Yana duba agogo, amma ko sau ɗaya bai ce mu tafi ba. Furen yana kan cinyarsa, yana yayyafa masa ruwa da yatsu don kada ya yi yaushi. Da ya yi mini tsawa da na fi samun sauƙi, wannan haƙurin nasa sai ƙara ƙona mini rai yake.

Ƙarfe ɗaya saura muka bi 'yar hanyar da ta sauka bakin teku. Babu kowa. Mutanen unguwar, 'yan cocin Asabar, suna coci, ana jiyo waƙarsu daga nesa. Ilu yana kwance kore shar kamar kullum, rairayi ya tare bakinsa daga wannan gaɓa zuwa waccan, sai dai ruwan da aka yi a kan duwatsu ya yanka rairayin a tsakiya yana kwarara cikin teku. Can hayi ga itatuwan kwakwa, kusa ƙwarai, har ana ganin busasshen ganyen da ke reto a jikin ɗaya.

Na buɗe masa ƙofa na ce, "Nan ne, Baba."

Ya sauko da ƙyar, ya taka har bakin ruwa, ya fuskanci teku. Ya dubi damansa, ya dubi hagunsa. Ya fito da taswirar amma bai ko kalle ta ba, mutumin da ya yi shekara saba'in yana kallonta.

"Kogin a hagu ya kamata ya kasance," ya ce. "Nan inda muke tsaye, nan bindigogin Amurkawa suke."

Babu fushi a muryarsa, kamar yana gyara wa ɗalibi lissafi ne. Sai na gaya masa komai, Joses, da keken ɗinki, da adda, da ƙafafun Keziah a bakin ƙofa. Da Turanci abin ba ya faɗuwa, ni kaina da nake faɗa ina jin kamar zancen mahaukaci. Ya saurara har ƙarshe. Tambaya ɗaya ya yi, ko yayar tawa ita ce mai furen. Na ce ita ce. Ya dubi furen da ke hannunsa ya gyaɗa kai.

Na ce bari in ruga filin jirgi in samo masa tasi ya zaga ta gada. Ya duba agogo, ni ma na duba. Ɗaya da rabi ake son sa a wurin awon kaya, kuma daga gada zuwa bakin tekun hayi hanya ce ta yashi wadda ƙaramar mota ba ta so. Ni na cinye lokacin da bakina, mu biyu duk mun sani. Sai ya zauna a kan wani kututture, ya cire takalma, ya cire safa ya ninke ya cusa a ciki, ya naɗe wandonsa zuwa gwiwa. Ƙafafunsa farare fat, sirara kamar na kaza.

Muka bi kan rairayin tare, sanda a hannunsa na dama, fure a na hagu, ni ina gefensa. Muka iso inda ruwan ya yanka. Faɗinsa bai wuce taku biyar ba, amma yana gudu, kuma yana cin rairayin ta ƙasa. Na tsaya a bakin. Shi ya sa ƙafa, ya kafa sanda, sandar ta nutse, ya yi baya zai faɗi, na cafko rigarsa ƙafafuna suna inda suke. Ya huta, ya sake gwadawa ta ɓangaren teku, igiyar ruwa ta buge shi a cinya. Ya gwada na uku, a nan ma ni na jawo shi.

Buhun kwakwa ya fi shi nauyi. Da na durƙusa ya hau bayana, taku biyar ne mu haye. Babu sitiyari a nan, babu teburin kowa, babu idon da yake ganinmu, kuma Keziah ba za ta taɓa ji ba. Duk wannan na faɗa wa kaina. Na ce wa ƙafata ta ɗaga, ta ƙi. Ina kallon ruwan amma ba ruwa nake gani ba, ƙafafun yayata nake gani a miƙe, da fason da ke diddigenta. Ashe ba a bakin Keziah kaɗai maganar take ba, ta daɗe da shiga jikina ta zauna. Na tsani kaina a wurin nan, na tsani Keziah, na tsani kogin, kuma ban motsa ba.

Bai roƙe ni ba. Har yau wannan ne abin da ya fi ci mini rai. Ya gyara tsayuwa, ya ba ni sandar in riƙe, ya ja hannu baya ya wurga furen da duk ƙarfinsa. Ganyen ayabar ya buɗe a iska, furannin suka watse a ruwa, ruwan ya kwashe su ya yi teku da su. Guda ɗaya ja ya kai bakin rairayin hayi, ya ɗan tsaya, muna kallo rairayin ya zaizaye da shi. Tsohon ya ɗaga murya ya kira wata kalma da harshensu sau biyu, da ƙarfin da ban zaci yana da shi ba. Ban san harshen ba, amma ba sai an fassara mini ba.

Can ya sa hannu a aljihun rigarsa ya fito da wata 'yar kwalba da aka naɗe bakinta da salatif. Ya ce ruwan rijiyar gidansu ne, inda mahaifinsa ya tashi. Abokin nan da ya zana taswirar ya gaya wa mahaifiyarsa cewa da ƙishirwa suka mutu, shi ya sa ya ɗauko, so yake ya zuba a gindin kwakwa. Wannan ba abin jifa ba ne, sai an durƙusa an zuba. Ya miƙo mini ita da hannu biyu.

"Yayarka tana da kirki," ya ce. "Na gani a hannunta. Wata rana za ta sassauta, ko?"

"Za ta sassauta, Baba."

"To ranar ka ba shi ya sha."

Na karɓa da hannu biyu kamar yadda ya miƙo, na ce masa to. Sau biyu na yi masa ƙarya a bakin kogin nan. Ta farko ya kama ni nan take. Wannan kuwa ya yarda da ita, har ya sunkuya ya yi mini godiya, sannan ya koma kan kututturen ya zauna, yana share rairayi daga yatsun ƙafarsa ɗaya bayan ɗaya kafin ya sa safa.